Kitsen Harsashin Baffa Ilu

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidanmu ranar Juma'a da hantsi ya san abin da zai tarar: Baffa Ilu a gindin darbejiya, ƙafa a miƙe, faifai a cinya, yana shafa wa harsasai mai. 'Yan dunƙulallun dalma ne da ya narka ya zuba da hannunsa. Zai ɗauki ɗaya, ya lakato haɗin kitsen rago da kakin zuma daga tsohon gwangwanin madara, ya mulmula a tafin hannu kamar mai shafe jariri bayan wanka. Ko mai unguwa ne ya yi sallama, sai na hannunsa ya yi ƙyalli sannan zai amsa. Ku da kuke wucewa dariya kuke yi. Mu da muke gida ɗaya da bindigar, ba mu taɓa ganin abin dariya ba sai yanzu da ba ya nan.

Wan babana ne. A da, kafin a kawo ruwan kanal a share dajin nan a mai da shi gonakin alkama da tumatur, shi ne maharbin garinmu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ya iya faɗar sunana, Uwata yake ce mini. Wannan ne ya ba ni lasisin faɗa masa abin da babana ma ba ya iya faɗa, kuma ni dama ba a haife ni da haƙuri ba.

Kun san rowarsa. Mutumin da dugadugansa suka yi faso har kuɗin ƙarfe zai iya shigewa, amma bai taɓa ɗiga musu mai ba. Da layya ba ya rigimar nama, kitsen yake tsarewa, yana tsaye a kan mai fiɗa kamar ungulu. Shekarar da na gama sakandare na dawo gida, lokacin da ake bin layin sabulu da man girki, na gaji na tambaye shi don me dalma za ta sha mai ƙafarsa tana kuka. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ƙafa tana da 'yar'uwar tafiya, Uwata. Harsashi shi kaɗai ake aika shi."

A ganinsa, harsashin da ba a shafe ba yana barin dattinsa a cikin bindiga, yana fita da gardama, ya kauce hanya. Wanda aka shafe kuwa zamewa yake kamar loma da miyar kuɓewa. Wannan bayani ya yi wa liman, ya yi wa mai gyaran keke, ya yi wa wata Bafulatana mai tallan nono da ta tsaya neman ruwan sha kawai, har nononta ya kusa tsami a rana.

Dalmar kuwa daga matattun baturan mota yake samowa a kasuwar Kura. Wata rana Innarmu ta nemi ƙaramar tukunyar ƙarfenta ta miya ta rasa, sai ga ta a bayan gida a kan murhu, Baffa yana tsugune a gabanta, hayaƙi mai ɗaci yana tashi. Ya ce aro ya yi, in ya gama a wanke da toka a ci gaba da girki. Na ce masa dalma guba ce, a makaranta an koya mana, in ta shiga cikin yara ba ta fita. Ya gyaɗa kai kamar na kawo masa labarin da ya daɗe da sani, ya ce to ai shi ya sa ba a ba masoyi, maƙiyi ake aika wa. Ban tsaya ƙara magana ba, na ɗauko taɓarya na fasa gindin tukunyar a gabansa. Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Ba tukunyar ce ta dame shi ba, wai na zubar masa da dalmar da ta maƙale a gefe.

Amma duk wannan wasa ne. Abin da ya hana mu sakat ita ce bindigar kanta. Gajera yake ce mata. Adaka ce ƙirar maƙera, da can doguwa har kafaɗar mutum. Duk lokacin da bakinta ya tsage sai ya kai wa Tanko Maƙeri ya datse, saboda sayen sabuwa almubazzaranci ne. A hankali a hankali ta koma ba ta fi muciya tsawo ba, da hannu ɗaya ake riƙe ta. Ƙarshen zuwan da ya yi, Tanko ya ƙi taɓa ta. Bai iya faɗa wa Baffa dalili ba, sai ya zagayo ya sami babana a gona ya ce tsatsa ta cinye cikinta, ƙarfen bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Ranar da ta tashi, hannun mai ita za ta fara ɗauka, in an yi sa'a ta bar fuska.

Babana ya dawo gida ko tuwo bai ci ba. Ƙani ba ya ƙwace wa wansa abu, balle abin da ake kiran wan da shi. Sai aka zuba mini ido. Na sami Baffa na faɗa masa yadda Tanko ya faɗa, ban rage ko ɗaya ba, har ɓawon ƙwan. Ya ce Tanko ai garma ya iya. Na ce to ya ba ni ita in jefa a kanal. Ya ce in bari sai ya mutu, in jefa su tare.

Abin da ya riƙa kwantar mana da hankali shi ne shekara da shekaru bai harba ta ba. Babu abin harbi. Daga tsuntsayen alkama sai ɓeraye, su kuwa ya ce ba su kai darajar kitsensa ba. Amma ni duk lokacin da tayar babur ta fashe a titi sai in leƙa zaure in ga ko yana nan.

Sai ga kada ya shigo babban kanal, cikin bazara. Wasu sun ce daga wajen dam ruwa ya kawo shi. Ya kama ɗan akuyar Fulanin da ke bayan gari, mata suka daina zuwa wanki, masu ban-ruwa suka ƙi shiga, tumatur ya fara langaɓewa. Mai unguwa ya zo ƙofar gidanmu da dattawa, suka zauna, aka yi ta kirarin mazan jiya, ana tuna kurar da Baffa ya kashe tun ba a haife ni ba. Ina bayan ƙyaure ina ji, ina jiran babana ya buɗe baki. Sai ji na yi Baffa ya ce gobe in Allah ya kai mu.

Da suka tashi na fito na tsaya a kansa. Na ce kadan ba ɗansa ya ci ba. Na ce su da suka zo da kirari, waye cikinsu zai riƙa ba shi tuwo a baki in hannun ya tafi? Ya ce ni mana, ba ni ce uwarsa ba?

Washegari da safe na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da yake lakatar kitse da bakin farce, ranar nan da yatsa biyu yake kwasa. Ya cuccuɗe harsashin har ya ɓace a cikin mai, ya shafe tsumman da zai tura cikin bindigar, ya ƙara, ya kankare gwangwanin tas. Na ce a raina tsoro ya taɓa masa hankali. Innarmu ta ce in zauna, mata ba sa zuwa kallon farauta. Na yafa gyale na bi bayansu.

Rabin gari yana bakin kanal. Na tsaya nesa kaɗan cikin matan Fulani. Tanko Maƙeri ya zaɓi bayan wata bishiya mai kauri, wannan kawai ya ishe ni bayani. Baffa ya ajiye Gajera a kan simintin gefen kanal, a tsakiyar rana, bakinta yana kallon sama, shi kuwa ya koma inuwa ya zauna. Wani ya ce ya matso da ita mana, ya ce a bar ta ta ji ɗumi, tsohuwa ce. Tun hantsi har aka fara tunanin azahar, siminti ya yi zafin da ba ya takuwa. Idona yana kan hannunsa na dama, hannun da yake miƙo mini rake da shi ina ƙarama, ina ta lissafin yadda za a ɗauke shi zuwa asibiti ba mota a garin.

Kadan ya fito shan iska a ɗaya gefen, baki a wangame. Baffa ya tashi, ya ɗauki bindigar da gefen rigarsa saboda zafi, ya rarrafa har bakin ruwa, don Gajera ba ta cin nesa. Babana ya juya baya. Ni na kasa juyawa. Ya miƙa hannu, ya ja kunama.

Ƙyas.

Ya sake ɗanawa, ya ja. Ƙyas. Da ya sunkuyar da bakinta don ya duba, sai ga narkakken kitse yana tsiyaya, baƙi ƙirin da albarushi, har kan gwiwarsa. Kadan ya rufe baki ya sulale cikin ruwa abinsa. Wata Bafulatana kusa da ni ta ce, da gaskiyarta, wannan bindiga ce ko maburgi? Daga nan dariya ta ɓalle. Baffa ya miƙe yana masifa, wai laifin ragon layyar babana ne, ba a ba shi dusa ba sai harawa, kitsensa duk ruwa. Babana ya karɓi laifin da hannu biyu, yana share ido da hula.

A hanyar gida muka rage ni da shi a baya. Ina tafe ina zazzaga masa. Na ce ya ga abin da son shafe-shafensa ya jawo, ya zama abin dariya, kuma Allah ne ya tsare, da ba don kuskuren nan ba da yanzu muna tsintar yatsunsa a cikin ciyawa. Ya bari sai da na gaji.

"Uwata, tun ubanki yana yawo ba wando na san abin da kitse yake yi wa albarushi a rana."

Na tsaya cak. Na ce to me ya hana shi ce wa mai unguwa bindigar ta mutu, ya hutar da mu?

"In na ce ta mutu, ranar Juma'a me zan zauna in yi?" Ya gyara ta a hammata. "In kika faɗa wa wani, zan ce sharrin 'yan boko ne."

Ban faɗa ba sai yau. Kadan kuwa, da ma'aikatan ruwa suka rufe kanal don yashe shi, masunta suka kama shi da taru. Baffa ya je ya duba gawar ya ce ƙarami ne, dama bai kai a ɓata masa harsashi ba. Juma'ar da ta biyo ya koma gindin darbejiyarsa da sabon gwangwani, mutane suna wucewa suna tambayarsa lafiyar rago, yana zaginsu da jin daɗi.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, cikin damina, a kan tabarmarsa. Ranar ƙarshe na zauna kusa da shi na riƙe hannunsa na dama. Ya bushe, ya yi sanyi, amma yatsun nan duk suna nan, har ya ɗan matse nawa da su.

Allah, kai ka tsare masa hannun nan a duniya. Ka ba shi littafinsa a hannun nan na dama, ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa, ka yafe mana dariyar da muka yi masa. Amin.