Ɗigon Malama

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, shugaban makarantar firamarenmu ya aiko gidaje da sanarwar rasuwar malamar aji uku, wadda yara ke kira Malama Ɗigo. Kwana biyar ta yi a asibiti.

Malama, shekara shida ke nan da na bar ajinki, amma takardarki ba ta bar gidanmu ba, domin ƙanwata Auta ce a hannunki bana. Kowace Juma'a kina ba yara takarda guda: abin da aka koya a mako, sai aikin gida, jimloli biyar a ja layi ƙarƙashin aikatau, da gida ɗaya na lissafin sau. A ƙasa akwai gurbin sa hannun iyaye. Baba yakan ce shi ma kin mayar da shi aji uku ba tare da shawararsa ba, amma bai taɓa ƙin sa hannu ba.

Ba kya soke amsar yaro da jan biro. Ɗigo kike sawa a gefe, ma'ana a sake dubawa. Kuma ba a shiga sabon gida sai an gama da ɗigon tsohon. Ni a gidan bakwai na maƙale har mako uku. Kunya ta hana ni tambaya, ke kuma ba ki taɓa tsayar da ni gaban allo ba. Lokacin hutun tara kika zauna kusa da ni da murafen kwalba, muna jera su bakwai-bakwai.

Takardarki ta ƙarshe tana manne a bangon ɗakinmu. A gefenta kin rubuta: Auta ta tsaya a bakwai, yayarta ta san hanyar.

Bayan rasuwarki Auta ta ƙi komawa makaranta. Umma ta yi lallashi, Baba ya ce ko ministan ilimi ba ya irin wannan hutu, duk a banza. Da na matsa mata, sai ta miƙo mini littafinta.

"Yaya, ba a duba ba. Malama ta ce ba a shiga takwas sai an duba bakwai."

Na duba. Aikatau biyar ɗin duk daidai. A lissafi ta rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Na so in bar mata shi haka, don ta riga ta sha kuka. Amma na ɗauki biro na sa ɗigo. Ta kwaso murafen kwalba ta jera a ƙasa, ta ƙirga, ta gyara. Washegari ta riga kowa shirin makaranta.

Allah ya jiƙan ki, Malama, ya haskaka makwancinki, ya yafe kurakuranki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da 'yan aji uku. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, amin.