Bishiyar da Ta Zo a Cikin Tumbi

Malama Mas'uda ba ta yarda da zanen allo ba. Tun da ta fara koyar da ilimin tsirrai da aikin lambu a ƙaramar sakandaren 'yan arewa da ke bayan Kasuwar Artisan a Enugu, take cewa yaron da bai taɓa tumɓuke ciyawa ya ga saiwarta ba, ko shekara aka yi ana zana masa saiwa, igiya zai ɗauke ta. Ni Hannatu lissafi nake koyarwa, ajina na jikin nata, gida ɗaya kuma muke haya a unguwar Asata. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi.

Yawancin yaranmu a nan aka haife su. Sun san ganyen ugu da ake miya da shi a nan, sun san kwakwar manja, amma akwai wanda ya rantse mata cewa gyaɗa a reshe take rataya kamar mangwaro. Ba ta yi masa faɗa ba. Ɗan filin da ke tsakanin ajinta da shingen baya ta sa suka share, suka yi kunyoyi, suka shuka gyaɗar da kuɓewa da alayyafo. Tagoginta kullum cike suke da gwangwanayen madara, wake na tsirowa a ciki, kowane gwangwani da mai shi. Ƙasar wurin ja ce, ba ta da ƙarfi, sai ta roƙi mahauta su riƙa kawo mata abin da suke zazzagewa daga tumbin shanu, ta bar shi ya ruɓe ya zama taki. Rabin iyayen yaran mahauta ne, don haka ba ta taɓa rasawa ba. Mu ne dai muka sha wari.

Mijinta, Bubayero, fataucin shanu yake yi. Yakan je arewa ya sayo, ya cika tirela, ya biyo ta har Enugu. Wani rani tirelar ta iso, shanu ko ɗaya bai ɓata ba, amma babu shi. Direban ya ce a wani gari a hanya ya sauka, ya ce su wuce, zai biyo su a ƙaramar mota. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta mutu. 'Yan'uwansa sun bi hanyar gari-gari, an duba asibitoci, an yi cigiya a masallatai. Da aka gaji, aka bar wa Allah.

A makon da aka yanka shanun nan, wani tsohon mahauci mai suna Manu ya turo mata baro cike da abin tumbinsu, kamar yadda ya saba. Da ruwan fari ya sauka, wani baƙon tsiro ya fito a tsakiyar alayyafo, ganyensa ƙanana, da 'yar farar ƙaya. Yara za su cire shi, ta ce kada wanda ya taɓa. Ta tara su ta ce wannan gawo ne, bishiyar arewa. Shanu suna cin 'ya'yansa a daji, irin yana da ɓawo mai tauri, sai ya kwana a cikin saniya ɓawon yake laushi ya iya tsirowa. Ta yi bayanin nan tsaf, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da aka tashi na same ta a bayan aji tana kuka. Na gane abin da ta gane: wannan shi ne abu na ƙarshe da Bubayero ya kawo Enugu.

Kowa ya ce ba zai rayu ba, ruwan kudu ya yi masa yawa. Ya rayu, har ya wuce rufin aji. Shi gawo kuwa halinsa daban ne da na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da ko bango yake yin kore a garin nan, shi zubar da ganye yake yi ya tsaya fari fat, sai rani ya shigo ya yi ganye. Damina kuma a Enugu ba ta san tafiya ba, saboda haka mafi yawan shekara a tsaye yake tsirara. Ni dai ban taɓa son juya masa baya ba.

Da shi take koyar da darasin da ta fi so. Kowace damina takan kai sababbin ɗalibai gindinsa ta ce, "Zubar da ganye ba mutuwa ba ce. Ku kankare ɓawon da farce. In kun ga kore a ƙarƙashi, da rai." Sai ta koma gefe, ta juya fuska, ba ta kallo har sai wani ya ce, "Malama, kore ne." Sannan ta saki numfashi. Tun shekara ta biyu na san ba lafiyar bishiya take tambaya ba, ta Bubayero ce.

Bayan shingen nan hanya ce da ake koro shanu daga inda tirela take sauke su zuwa mayanka. Tun gawon bai kai ƙugu ba shanu suka fara tsayawa a wurin. Ba kuka, ba ture-ture. Su jeru, su ɗora hanci a kan waya, su zuba masa ido. Masu kora su yi ta dukansu da sanda, sai sun ga dama su wuce. Na ce ƙanshin 'ya'yan gawo suke ji, Manu ya dube ni ya ce, "Malama Hannatu, kin taɓa ganin ya yi ɗa?" Bai taɓa yi ba. 

Magana ta kai ga kwamitin iyaye. Suka ce gawo gidan iskoki ne, ba a barin sa kusa da yara, a sare. Aka zartar, aka yi addu'a, aka watse. Amma cikin mutanen nan da suke kayar da bijimi kafin su karya kumallo, an rasa wanda zai riƙe gatarin. Wannan bayansa ke ciwo, wancan yana da ɗaurin aure a Onitsha.

Liman, Malam Jabir, shi ba ruwansa da bishiya. Ya zo har gida, aka gaisa a tsanake, ya ce, "Mas'uda, lokacin jira ya cika har ya wuce. Ki yi takaba ki huta, Allah bai ɗora miki wannan ba."

Ta sunkuyar da kai. "Allah ya gafarta Malam, in na ga alama zan yi."

"Wace alama?"

Ta miƙe ta raka shi bakin ƙofa. Washegari ta sa kwallinta da 'yan kunnenta kamar kullum, ta tafi makaranta.

Bana damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, gawo bai yi ganye ba. Ta ce makara ya yi. Ta daina kai yara gindinsa, ta mai da darasi wajen kuɓewa. Wata safiya ina tsakiyar aiki a allo na ji takun shanu. Kunnena ya saba: za su tsaya, masu kora su hau ihu. Ran nan takun bai tsaya ba, ya wuce har ya ɓace. Alli na hannuna na fita.

Tana bakin ƙofar ajinta, ta kafe. Ɗalibanta sun riga ta fita, wata 'yar aji biyu mai suna Mu'minat tana gindin gawon tana duba farcenta.

"Malama, e don dry."

"Faɗa da Hausa."

"Ya bushe, Malama."

Ta taka da kanta. Ta kankare reshe, ta kankare jikin, ta durƙusa ta tone ƙasa ta kankare wajen saiwa, yadda take koya musu kada su yanke hukunci da wuri ɗaya. Farcenta ya karye. Ko'ina busasshen ice ne. Ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta tambayi ajin me wannan yake nufi. Suka amsa a hankali cewa ya mutu, don ta koyar da su da kyau. Ta ce daidai ne, ta ƙarasa darasinta har aka buga ƙararrawa.

Da aka tashi muka hau Keke Napep muka koma gida Asata. Muna shiga ta cire 'yan kunne ta ajiye a faranti, ta wanke kwalli, ta aika a gaya wa Malam Jabir ta shiga takaba. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya cika ni. Na ce mata bishiya ce fa kawai, ruwa ne ya yi mata yawa, ita da bakinta take koyar da haka.

"Haka ne," ta ce, "saiwar ce ta ruɓe." Ta daɗe tana kallon farcen da ya karye. "Hannatu, ashe duk shekarun nan yana wani wuri da ransa. Mu ne muka daina nema."