Mai Tabarau ta Ofishin Haraji

Kin san matar nan ta ƙarshen layinmu, wadda ake kira Mai Tabarau? Shekara talatin ta yi a ofishin haraji, tebur ɗaya, kujera ɗaya. Mijinta ya rasu da wuri, da ɗan albashin nan ta raini 'ya'ya huɗu. Amma mu ko gishiri ba ma zuwa nema wurinta, kar ta ƙirga mana kaji.

To, shekarar da jikata tela ta buɗe shago, wata makaranta ta ce za ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai, amma sai ta kawo shaidar biyan haraji kafin ƙarshen wata. Yarinya ba ta taɓa cike takardar ba. Tana zaune a tsakar gida da biro, ta zo wurin rubuta abin da ta samu a shekara.

Na ce, "Rubuta da yawa, 'yar nan. Wa zai ba matsiyaci aiki? Sa har kuɗin da mutane ke ba ki ki sayo musu yadi." Ai kuwa ta zuba.

Na raka ta ofishin. Layi ya kai mu gaban wa? Mai Tabarau! Ta duba takarda, ta leƙo mu ta saman gilashi.

"Iya, keken ɗinki nawa ne a shagon?"

Na ce ɗaya.

"Shi kaɗai ya haifi wannan? To ku ba ni aronsa mana."

Ta juya kan yarinyar. "In aka yanka miki haraji a kan wannan, sai kin sayar da keken. Kuɗin yadi na masu yadi ne, bi kawai ya yi ta hannunki. Wa ya ba ki wannan shawara?"

Ni kuwa na shiga gyaran mayafi.

Lokacin cin abincinta ne fa, amma ta ture kwanon, ta zaro sabuwar takarda. Suka buɗe littafin awo, suka bi riga-riga suna ware ladan ɗinki. Ta nuna mata inda ake sa hayar shago da kuɗin zare. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, ranar aka biya.

Saura kwana biyu wata ya ƙare shaida ta fito, makaranta ta ba da aikin.

Yanzu Mai Tabarau ta bar aiki, ƙafa na damunta. Jikata ta ɗinka mata riga kyauta, ta ƙi karɓa. Sai da ta biya, ta kuma ce a ba ta rasit. Allah dai ya saka wa baiwar Allah nan da alheri.