Takalmin Yaya Sabo a Guangzhou

Kano zuwa Baiyun

Tun kafin kiran assalatu na bar gida, a shekarar da ƙasar Sin ke shirin wasannin Olamfik. Ni ɗan kasuwa ne, takalman makaranta nake sarowa daga can. Yayana Sabo, baduku a Ƙofar Wambai, shi ya kai ni filin jirgi a kan babur. Da za mu rabu ya miƙo mini leda. Takalmin fata ne mai sabuwar saƙa, wanda ya yi watanni yana gwadawa domin kasuwar ƙaramar Sallah. A kansa yake sa ran rumfarsa za ta farfaɗo, don kayan roba sun kusa kore shi da ma'aikatansa daga kasuwa.

"Ba wanda ya gan shi tukuna," in ji shi. "Ka taka ranar Juma'a, su san mu ma mun iya."

Daga Kano sai Legas, daga Legas sai Addis Ababa, inda muka yi zaman jira har ƙashin baya ya ƙage. A filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou an tsare mu gefe ana juya fasfo kamar waina. Bizar da aka ba ni gajera ce, wai saboda wasanni.

Guangyuan

Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi mai aika kaya, shi ya tarbe ni, ya kai ni unguwar Guangyuan. Masauki biyu muka shiga ana ce mana "meyo", wato babu. Na uku ya karɓe mu, ɗaki kamar akwati, kullum sai 'yan sanda sun leƙo duba takardu. Ko'ina haƙa ake yi, nan ramin jirgin ƙasa, can gada, ga zafi mai ɗanko. Da yamma muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka a wani ɗaki a saman bene, inda Kanawa da mutanen Damagaram da na Gana ke haɗuwa. Kowa kukan biza yake yi. Ni kuwa gajiya ta ci ni.

Garin masu giya

Kashegari muka hau bas zuwa wani gari a kudu, bakin kogi, inda masana'antar da zan sari takalma take. Mai ita dattijo ne, Loban kawai muke ce masa, wato maigida. Kafin a yi zancen kaya sai da ya zaga da mu. Ya nuna mana ganuwar da kakanninsu suka taru suka gina don tare ambaliya, da wani tsohon gida cike da tuluna. A da, in ji shi ta bakin Issaka, duk garin giyar shinkafa suke yi. Gonakin ne yanzu suka zama masana'antu.

A wurin cin abinci ya sa aka kawo ƙaramin tulu da laka a bakinsa. Ubansa ne ya dafa giyar da hannunsa, kuma ba ya buɗe ta sai ga babban baƙo. Ya zuba, ya miƙo mini da hannu biyu. Na dafa ƙirji na ce addinina ya hana. Issaka ya yi ta bayani, amma fuskar dattijon ta riga ta canza. Kunya ta rufe ni. A gidanmu an koya mana ba a barin mai masauki da ɓacin rai, kuma baƙo ba ya zuwa hannu rabbana. Na zuge jaka na ciro takalmin Yaya na ba shi, na ce aikin gidanmu ne, gadon ubanmu.

Issaka ya taka mini ƙafa. "Alhaji, kai ma dai! A nan ba a ba da samfur kyauta."

Na ce ai tsaraba ce, ba samfur ba. Loban ya yi ta jujjuya shi yana "shiye-shiye", wato na gode, yana bin saƙar da farce.

Komawa Guangyuan

Ana saura kwana biyu in taso, na shiga wani shago neman safa. Sai ga saƙar Yaya a kan kantar shagon, an yi ta da roba, baƙi da ruwan ƙasa da fari. Wani Bakano ɗan'uwana yana tsaye yana ciniki, ya ce mini da fara'a, "Wallahi sai ka ce na Wambai! Na riga na sa a cika mini kwantena."

Na fice daga shagon. Na sa Issaka ya kira Loban a waya, na roƙa a dakata ko zuwa bayan Sallah. Dattijon bai ma gane laifin ba. Wai girmama kyautata ya yi, abu mai kyau ai yaɗa shi ake yi. Da na nace sai ya ce ko shi ya bari, maƙwabtansa sun riga sun ɗauka. Na zauna a bakin titi cikin ƙarar injinan haƙa, ban taɓa jin na tsufa irin ranar ba.

Gida

Mun sauka Kano lafiya da hantsi. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Ya kuma saka wa Alhaji Issaka da alheri. Ban wuce gida ba, Wambai na nufa. Na tarar da Yaya a tsakiyar sababbin fatu, ma'aikatansa suna ta yanka. Bayan gaisuwa ya dubi ƙafata, ya ga silifa.

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya daɗe yana shafa fatar da ke cinyarsa.

"Jirgin ruwan da zai kawo kwantenar," ya ce, "yaushe zai iso?"

"Ba zai wuce wata biyu ba, Yaya."

Ya juya ga ma'aikatansa. "Kun ji dai. Wata biyu gare mu." Sannan ya turo mini kujera da ƙafa, ya miƙo mini almakashi.