Ranar da Haruna Ya Jefa Mu Cikin Tur'a

Bana shekara talatin ke nan da muka binne Haruna a Mai Wurno. Ɗan kawuna ne, kuma sa'ana. Tare muka koyi gyaran mota a garejin wani Bagirke a Wad Madani. Ni na tsaya kan gyara, shi tuƙi ya shiga ransa.

Maigidanmu yana da wata 'yar mota ja marar rufi. A shekarun sittin, in an gama tsinkar auduga, masu hali kan shirya tseren motoci a hanyoyin ƙasa da ke bin gefen tur'a, wato manyan magudanan ruwan noma. Da tsufa ya kama shi sai ya miƙa wa Haruna makulli, ni kuma ina zama gefensa saboda gyara. Shekarar farko injin ya yi zafi, da turi muka ƙarasa. Ta biyu ya zo na uku. Daga nan ya riƙa cinyewa a jere, har wasu suka fara gunagunin a hana ɗan Fallata shiga, don haka suke kiran mutanenmu a ƙasar. Mutanenmu kuwa tun daga Dindir suke hawo lori su zo kallo.

Tserensa na ƙarshe wajen Managil aka yi. Wani saurayi, ɗan babban attajiri, ya zo da sabuwar mota, ya rantse zai karya Haruna. Tun daga farko yana manne da bayanmu, ina jin ƙarar injinsa kamar a ƙeyata. A gaba akwai wata ƙunƙuntar gada, mota ɗaya take ɗauka, wanda ya riga shiga shi ya ci. Mu ne a gaba.

Muna karya kwanar ƙarshe sai ga wata mata a tsakiyar gadar da jaki ɗauke da ruwa. Tana ja, jakin ya kafe. In Haruna ya taka birki, saurayin zai doke mu ya tura mu kanta, don ƙurarmu ta rufe masa ido.

"Isa, riƙe da kyau," ya ce. Ya murɗe sitiyari zuwa tur'a.

Na taso bakina cike da laka. Haruna bai taso ba. Motar ta kife a kan ƙafarsa, ruwa ya kai masa haɓa, ƙarfen kuma sai nutsewa yake. Na tallafe kansa ina kiran mutane. Wanda ya fara faɗowa ruwan saurayin nan ne. Kaucewarmu ce ta buɗe masa ido ya ga matar, ya tsaya dab da jakin. Masu aikin gona suka sheƙo, aka ɗaga motar a lokacin da ruwa ya fara shiga hancinsa.

Ƙafar ta warke a karkace, bai sake tsere ba. Ya buɗe gareji a gida yana koya wa samari tuƙi.

Yanzu in na ga masu ƙananan bas na Sinnar suna rige-rigen fasinja a kan kwalta, nakan tambayi kaina me zai ce. Ba na jin zai zage su don gudu, shi ma gudun yake so. Zai dai tambaye su ina idonsu yake.

Kofunan da ya ci Bagirken ya tafi da su ƙasarsu, hoto ko ɗaya ba mu da shi. Akwai dai tsofaffin direbobi da suka fito daga hannunsa, da matar da ban taɓa sanin sunanta ba, wadda ta koma gida da ruwanta. Ban taɓa jin ya yi nadama ba, amma abin bai bar ransa ba. A ciwon ajalinsa ya kama hannuna.

"Ɗan'uwa, da jakin nan ya matsa, da mun ci ko?"

Na ce masa da mun ci. Ya gyaɗa kai, ya ce a ba shi ruwa. Allah Ya jiƙan Haruna.