Hannuwan da Ke Bangon Arewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana Malam Nomau, ladanin Masallacin Baƙi da ke unguwarmu a gefen Tafashiya. Allah ya jiƙan shi. Tun yana kwance, ina da cikin fari, wani abu ke ci mani rai: idan tsohon nan ya tafi, wa zai kai abin da zan haifa bango? Na kasa riƙewa, na faɗa mashi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Amaryata, ke dai ba ki rabo da zullumi. Bango gudu zai yi? Ga Sale nan." Sale ɗanshi ne, ƙanen mahaifiyata. Na bar maganar don kada in tayar wa marar lafiya hankali, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Wanda ba ɗan unguwarmu ba ba zai gane wane bango nake nufi ba, don haka bari in faro daga farko.

Mu jikokin baƙi ne. Kakanninmu daga arewa da Maraɗi suka taso a shekarar yunwa, gida tara, da jakuna da tukwane da yara a goye. Mai gari ya yi masu kirki, ya ba su wani fako a bayan gari, inda ko akuya ba ta tsayawa. Nan suka kakkafa bukkoki. Babu wanda ya hana su masallacin gari, amma akwai nisa, kuma in sun buɗe baki sai yara su yi ta kwaikwayon maganarsu. Sai suka ce za su gina nasu tun kafin su gina ɗakunan kwana. Maza suka buga tubali, mata suka yi ta jigilar ruwa daga rafi, aka samo azara daga wajen Kusada a kan jakuna. Mutanen gari suka sa mashi Masallacin Baƙi, su kuma suka karɓi sunan ba su ji kunya ba.

Ana cikin yaɓen ciki aka haifi Kawu Sale, shi ne na farko da aka haifa a wannan ƙasa. Kakana ya ɗauko shi bayan suna, ya danna tafin hannunshi a ɗanyen yaɓe, jikin bangon arewa, wajen da suka fito. Ya ce, "Wanga nan aka haife shi, ba mai ce mashi koma gida." Daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana gayyar yaɓe, a gyara masallaci ciki da waje, amma ba a shafe bangon arewa ta ciki. Sai dai a ƙara ɗan fili na sabon yaɓe, a kawo jariran shekarar, kowane a sa hannunshi a layin gidansu. Kakana ya san kowane hannu da mai shi. Ina yarinya, in na kai ruwan gayya, yakan nuna mani nawa ya ce, "Dubi, tun a tsumma kike da rowa, kin dunƙule yatsu."

Babbar ɗiyata ta samu an sa hannunta, shekarar da ya rasu. Bayan ta aka ƙara gayya ɗaya, shi ke nan. Shekara biyar ba a kwaɓa ƙasa ba. Ina kallo indararon gabas ya faɗi, ba a mayar ba. Ina kallo ruwa ya ci gindin ginin damina bayan damina, majiya ƙarfi na wucewa da butocinsu kamar ba su gani. Yanzu kuma su ne ke cewa gini ya tsufa, yana da haɗari. To wa ya bar shi ya lalace?

An ce wani mai hali zai gina sabo da bulo da kwano, har da fanka. Allah ya saka mashi, ba ni da faɗa da shi. Kwamitin masallaci sun tsayar da magana: da an kawar da amfanin gona za a rushe tsohon har ƙasa, kuma sabon ba zai ci tsohon suna ba. Shugaban kwamitin Kawu Sale ne.

Na goya ƙaramar ɗiyata Asiya, watanta takwas, na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, bangon arewa fa?"

Ya ce, "Rabi, ƙasa ce. Ƙasa kike wa kuka?"

"Hannunka ne na farko a jiki, Kawu."

"Shi ya sa nake son a ture shi. Nan aka haife ni, nan na yi furfura, har yau baƙo. Ƙanenki ya je neman takardar shaidar zama ɗan gari, wani ya dube shi ya ce ai ku 'yan Masallacin Baƙi ne. Ke kina cikin gida, ba ki san abin da muke haɗiyewa a waje ba."

Ban ƙaryata shi ba. Gorin yana da ciwo, ni ma an yi mani a gidan biki. Amma duk hanya ina tafe ina tafasa. Tsoho ya sa hannun nan ne don ya zama shaida cewa nan aka haife mu. Yau ɗan da aka fara yi wa shaidar shi ne zai sa mata diga, wai don kada a san daga ina muka zo. Waɗanda ke gorin za su mance ne don an rushe bango? Mu ne kaɗai za mu mance.

Wani matashin malami kuma ya ce bidi'a ce. Ni karatuna bai yi nisa ba, ba zan ja da malami ba. Abin da na sani, ban taɓa ganin wanda ya roƙi bangon nan komai ba. Alƙibla tana gabas, hannuwa suna arewa.

Akwai abin da mazan kwamiti ba su lissafa ba, don ba su tambayi mace ko ɗaya ba. Mahaifiyata ta binne yara uku kafin ni. Ba su da hoto, kaburburansu sun daɗe da bajewa. Abin da ya rage nasu a duniya shi ne tafuka uku, kowane bai fi bakin ludayi ba. Tana cikin tsofaffin da ke sharar masallaci da hantsi, kuma na sha ganin ta ta jingine tsintsiya ta tsaya a wajen tana kallon su. Ba ita kaɗai ba ce. Da ƙyar ka sami gida a unguwar nan da ba shi da irin wannan hannu a bangon. Ranar da na raka ta shara a makon jiya, mun tarar an zana jan fenti a kai, alamar inda za a fara. Fentin ya bi ta kan ɗaya daga cikin ukun. Ta sa bakin zanenta tana gogewa, bai fita ba.

Nakan tambayi kaina me Malam Nomau zai ce da yana nan. Na san zai yi murna da fanka, mutum ne mai jin zafi. Zai yi murna da lasifika, don muryarshi ta dushe a ƙarshe. Ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma ina jin zai kama Kawu Sale, ya kai shi gaban bangon, ya ɗora wannan ƙaton hannun a kan ɗan ƙaramin, ya bar shi tsaye a nan har sai ya ji kunya. Tsohon bai bar gona mai yawa ba, bai bar littafi ba. Kiran sallarshi ya tafi da shi. Bangon nan ne ya rage, kuma gero ya riga ya fara nuna.

Don haka ga roƙona. Ku 'yan unguwarmu da ke Katsina da Kano da Kaduna da Legas, ku da hannuwanku ke jikin bangon nan, ku kira Kawu Sale, kuna da lambarshi. Ba cewa na yi kada a gina sabo ba. A gina, a sa kowane suna aka ga dama. A bar bangon arewa kawai a tsaye, a zagaye shi da bulo. Kuma kafin magina su zo, a ba ni izinin kwaɓa ƙasa kwarya ɗaya. Asiya ba ta sa hannunta ba.