Ƙararrawar Uwar Garke

A hanyar hawa dutse aka haifi Ercilia Araya, cikin wata bukkar duwatsu, awaki na kuka a waje. Shekara sittin da ɗaya ke nan, kuma ba ta taɓa fashin hawan ba. Da zarar zafin Disamba, wanda a ƙasarsu shi ne tsakiyar bazara, ya ƙone ciyawar kwarin Limari, sai ta ɗora tukwane da bokitan tatsa a kan alfadari, ta kora garke zuwa fadamun can sama, inda ƙanƙara ke narkewa. Tafiyar kwana tara ce. A can take tatsa ta yi cuku, sai Afrilu ta sauko. Da cukun nan ta raini 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, ga su can birni yanzu, ba mai son warin bunsuru a rigarsa.

Awakinta ba sanda suke bi ba, ba kuma kare ba. Ƙararrawa suke bi, wadda ke rataye a wuyan Chola, tsohuwar akuya mai ƙaho ɗaya, uwar garke. Inda ƙarar ta nufa, nan awaki ɗari da ashirin ke nufa, ko da rami ne.

A shekara ta bakwai ta fari, ƙanenta Nibaldo, masunci, ya zo ya tarar tana ɗaure kaya.

"Yaya, kar ki hau bana," in ji shi. "Dubi dutsen nan, ƙwal yake kamar kaina, ko ɗigon ƙanƙara babu. Ki gangaro wajena bakin teku, kwana uku kacal. Hazon teku mai raɓa na jiƙa tuddanmu kullum safiya, awakinki ba za su rasa abin tsinka ba."

"Hazo za su lasa? Kai dai tun kana yaro rago ne, shi ya sa ka gudu wajen kifi."

"To, uwar taurin kai, Allah ya kiyaye hanya."

Taurin kan akwai shi, amma tsoro ya fi yawa. Ita dai hanya ɗaya ta sani a duniya, sama. Ta hau.

Fadamar farko ta tsattsage. A ta biyu, ƙasusuwan dabbobin waɗanda suka riga ta kawai ta tarar. Ta ce wa kanta ta uku ba ta taɓa ƙafewa ba. Awaki suka fara zubewa a hanya, yau biyar, gobe goma. Ta yanka ƙanana da hannunta don iyayen su rayu, tana yi tana kuka, tana zagin dutse da zagin kanta. Da ta isa ta ukun, a marmaron da ke kusa da bukkar da aka haife ta, yashi ta samu, sai ɗan laka mai wari. Awaki arba'in da huɗu suka rage.

Washegari Chola ba ta tashi ba. Sauran suka kewaye gawar suka kwanta. Ercilia ta yi duka, ta yi roƙo, ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ko kunne ba su kaɗa ba. Ta kwance ƙararrawar ta ɗaura wa wata matashiyar akuya, ita ma taku uku ta yi ta durƙushe. Hankalin Ercilia ya tashi ƙwarai, don ta san in rana ta yi tsaka suna kwance, shi ke nan.

Sai ta rataya ƙararrawar a wuyanta, ta ja alfadari, ta juya yamma, wajen teku. Ba ta yi nisa ba ta ji takun kofato a bayanta.

Kwana tara ne zuwa kwari, uku zuwa gidan Nibaldo. Ba damar tsayawa, don da ƙarar ta yi shiru za su kwanta. Ba ta kuma yarda ta waiwaya ba. Kunne kawai ta kasa, tana jin takun yana raguwa.